Dutsen Malam da Na Kai Abidjan

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Wadda ta shigo yi mini barka da hanya sai ta gyara zama ta ce in ba ta labari tun daga farko, kafin in kai tsakiya wata ta yi sallama, in sake komawa baya. Shi ya sa na roƙi maƙwabciyata Malama Asabe, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ta zo da takarda in faɗa sau ɗaya ta rubuta, don ni ban yi boko ba. Idan kun ga inda magana ta tsinke, kuka ne ya ci ƙarfina. Har yau ba na iya ambaton Malam ido a bushe, kuma ba na jin kunyar hakan.

Duk wanda ya san mijina ya san dutsensa. Ya ce tun yana saurayi, kafin a ɗaura mana aure, wata rana bayan la'asar yana girbin gero shi kaɗai, sama tas babu hadari, sai ya ji ƙara kamar aradu, sannan wani fito, sannan wani abu ya bugi ƙasa kusa da shi. Ya gudu, ya dawo, ya tona, ya ciro baƙin dutse mai sheƙi, girmansa kamar dunƙulen hannu biyu. Har nan mutane suna saurarensa. Inda ake fashewa da dariya shi ne da ya ce da ya taɓa shi ba zafi, sanyi ma ya ji kamar jikin randa. Sai a ce, to Malam, wuta ce ta faɗo ko ƙanƙara? Shi kuwa ba ya canza ko kalma ɗaya.

A cikin masu dariyar ni ce a gaba. In baƙi suka zo, nakan tambaye su ko in kawo musu ruwan sanyi ne ko a ba su labarin wuta mai sanyi. Na taɓa tokare ƙofar ɗakin girki da dutsen. Bai ce mini komai ba, ya ɗauke ya naɗe shi a tsohuwar hula ya mayar ƙarƙashin gado. Fiye da shekara hamsin muna haka. Ya rasu ban taɓa ce masa na yarda ba, kuma a cikin duk abin da ke ci mini rai tun rasuwarsa wannan ya fi.

Mutum ɗaya ce ta taɓa yi masa tambaya ba da wasa ba, jikarmu Ummi, 'yar ɗana na fari da ke zaune a Abidjan yana fito da kayan 'yan kasuwa daga tashar jiragen ruwa. Sunan uwar Malam ta ci, shi ya sa muke kiranta Ummi. A can aka haife ta, tana jami'a tana karatun duwatsu. Da na fara jin haka na ce ashe abin gado ne. Bayan na fita takaba ta kira ni a waya, da Hausarta mai ɗingishi, ta ce akwai malaminsu da ya san duwatsun da ke faɗowa daga sama, a aiko da na kakanta a duba. Babanta ya ce a ba wani direba. Na ce a'a, ni zan kai da hannuna. Ina so in ji da kunnena ko gaskiya Malam ya faɗa.

Da na ciro dutsen na ga baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na ce ba zan kai wa malamin jami'a abu da dauɗar shekara hamsin ba, a ce matar mai shi ƙazama ce. Kwana uku ina dirzarsa da toka da yashi da dutsen goge kaushi, har ya koma fari-fari kalar toka, da ɗigo-ɗigo kamar tsaki. Na yi alfahari da aikin nan. Na naɗe shi a ɗankwali, na sa a langa, na ɗaure da wani zane.

Hajiya Lami ce ta tafi da ni, 'yar ƙanwar Malam, wadda ke zuwa can sarin atamfa da sabulu. Daga Kano muka hau doguwar mota zuwa Legas. Ƙafafuna suka kumbura har takalmina suka ƙi ni, na ƙarasa tafiyar da silifa ɗin wanka na Hajiya Lami, wari ɗaya ja wari ɗaya shuɗi. Daga Legas hanya ta bi bakin teku. Ba zan ce komai a kan teku ba, don duk wanda ya je ya riga ya cika muku kunne. Abin da ya ba ni mamaki iyakoki ne. Huɗu muka ƙetare. Ka sauka a duba takardarka da katin allura, ka hau, kafin gyangyaɗi ya yi daɗi an ce an gama wata ƙasar, a sake sauka. Ƙasar Togo ma goro ɗaya na ci a cikinta.

A iyaka ta uku aka ce a kwance kaya. Wani ma'aikaci, babban mutum mai tumbi, ya ga yadda na rungume langa sai ya nuna ta. Ya kwance zane, ya buɗe murfi, ya kwance ɗankwali, yana yi yana kallona. Da ya ga dutse ya jinjina shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da makulli, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Sannan ya tambaya ta bakin Hajiya Lami ko an gaya mini babu duwatsu a ƙasar da za ni. Na ce ta gaya masa na mijina ne, ya rasu. Sai mutumin nan ya daina dariya. Ya naɗe shi da kansa, ya mayar, ya ƙulla zanen ƙulli mai kyau wanda ya fi nawa, ya miƙo mini da hannu biyu. Ko sunansa ban sani ba. Allah ya saka masa.

A Tireshibil, wani ɓangare na Abidjan, mota ta sauke mu, kwana na huɗu da hantsi. Baban Ummi ya zo tarbarmu, ya ce a Biyafara suke zaune. Na ce wace Biyafara kuma, ba an gama yaƙin ba tun ina goyon fari? Ya ce sunan unguwa ne kawai. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da ƙofofi goma sha, su suna ce masa kur. Famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, yare kuwa ba a magana. Akwai Bajula, akwai Bamoshiya, akwai Kirista mai sayar da kifi. Babu zaure, babu sallama daga nesa, namiji ya ratso tsakar gida kina wanke-wanke ba wanda ya damu. Kwana biyu ina jan mayafi kafin na ga ni kaɗai nake wahala.

Sun ji labarin rasuwar, sai suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya suna cewa "yako". Da wannan kalma ɗaya suke ta'aziyya, da ita suke sannu in ka yi tuntuɓe. Na ce mu a gida sai mu yi rabin yini muna ya haƙuri, ya aka ji da rashi, su sun dunƙule duka a wuri guda. Amma da mai sayar da kifin nan ta riƙe hannuna ta faɗa a hankali, na yi kuka kamar Bahaushiya ce ta yi mini gaisuwa.

Abinci kuwa, da safe burodi dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri, haƙorana shida suka ce ba da su ba, sai na jiƙa a shayi. Da rana aceke, garin rogo ne da aka turara kamar dambu, da ɗan tsami. Ana haɗa shi da soyayyen kifi da barkono a ce masa garba, wai mutanenmu na Nijar ne suka fara sayar da shi. Na ce to ko banza Hausawa sun bar suna a garin. Na taho musu da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya ina ganin na yi bajinta, sai surukata, matar ɗana, ta kai ni kasuwa na gan su tsibi-tsibi, mai sayarwar ma Bakatsiniya. Ranar Juma'a na je babban masallacin unguwar, na ji Hausa ta ko'ina, amma rabi-rabi: mutum ya fara da "ina wuni" ya ƙarasa da abin da sai Allah.

Ummi doguwa ce, mai tabarau, goshin kakanta sak. Meme take ce mini, wai kaka ke nan da Faransanci. In Hausa ta ƙare mata sai ta riƙa kaɗa yatsu kamar mai kiran kaji, har kalmar ta zo ko ta haƙura. Tun ranar da na sauka take so ta ga dutsen, na ce sai na huta. Gaskiya tsoro nake ji. Rana ta uku bayan azahar na kwance mata. Ta leƙa langa, ta ɗago ta dube ni, ta sake leƙawa.

Ta ce, "Meme, ina baƙin?"

Na ce, "Na wanke miki shi. Kwana uku na yi."

Ta zauna daɓas a kan tabarma ta dafe kai. Ta yi wata doguwar magana da Faransanci wadda babanta ya ƙi fassara mini. Daga baya ta yi mini bayani. Wannan baƙin ba dauɗa ba ne. Idan dutse ya faɗo daga sama, gudunsa a cikin iska yana narkar da fatarsa ta waje ta zama baƙa mai sheƙi, kuma ita ce shaida ta farko da ake dubawa. Wato abin da Malam ya adana a hula shekara hamsin, ni na kankare shi a kwana uku da dutsen kaushi. Na yi masa dariya yana raye, ya mutu kuma na goge masa shaida. Ranar ban ci abinci ba. Babanta ya yi ta cewa ai ba da gangan ba ne. Ummi kuwa, da ta ga kukan ya yi yawa, ta ce ko ba komai duk duniya babu dutsen sama da ya kai nawa tsabta.

Ita ce ta zauna ta nuna mini hoto a kwamfutarta don ta ɗauke mini hankali. Wani ƙaton dutse ne mai suna Vesta, yana yawo a sama yana zagaya rana kamar yadda ta ce duniyarmu ma take yi, can nesa a wani fili da duwatsu suka yi yawa. Na ce wannan ai curin fura ne da aka zauna a kai, don ba zagayayye ba ne sosai, duk jikinsa ramuka kamar mai zanzana, ga wasu dogayen zane sun ɗaure masa ƙugu kamar sassaƙar ƙwarya. Ta ce faɗinsa ya kusa tafiyar da ke tsakanin Abidjan da iyakar Burkina. Babu iska, babu ruwa, babu ko ciyawa. A gindinsa akwai wani rami da ya kusa cinye faɗinsa duka, inda wani dutsen ya taɓa yin karo da shi, a tsakiyar ramin kuma tsauni ya tashi wanda ya ninka mafi tsawon tsaunin duniya fiye da sau biyu. Ɓarɓashin wannan karo ne ya watsu, wasu suka yi ta yawo har suka faɗo mana. Ta ce tun da kakanta ya kwatanta mata sheƙin dutsensa a waya take zargin daga can ya fito.

Na tambaye ta wa ya gano shi. Ta ce wani likita ne a ƙasar Jamus, fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Da rana yana duba marasa lafiya, in ya tashi ya hau benensa da madubin hangen nesa. Yana tsammanin wata duniya ce ta fashe, shi ne yake neman gutsattsarinta, kamar mai tsintar tulu da ya faɗi. An riga an ga uku, wannan ne na huɗu. Na ce Allah ya ji ƙan matarsa, na san abin da ta sha. Ummi ta ƙara da cewa dutsen yana juyawa da sauri, dare da rana gaba ɗaya awa biyar ne da 'yan kai. Na ce to a kai babanki can ya yi azumi, don tun yana yaro la'asar take kayar da shi. Har surukata sai da ta juya baya tana dariya.

Malamin nata a Ajame yake, lokacin kuma suna hutu, ya ce mu same shi a gida. Muka hau tasin haɗaka da suke kira woro-woro, muka haye gada. Ajame kasuwa ce da ta cinye gari. Kano ma tana da lungun da za ka tsaya ka numfasa, can babu. Mai baro ya ture ni, mai waya ya ja mini mayafi yana kirana maman, Ummi tana gaba tana ratsa mutane da kafaɗa, ni ina baya rungume da langa kamar mai tallar da ba ta son a saya. Gidan a hawa na uku yake. Na huta sau huɗu a matakala.

Dattijo ne siriri, Bajula, ya taɓa zama a Damagaram, yana ɗan jin Hausa. Ya ce mini hajiya, na ce ban je ba tukuna, ya ce to wadda ta ƙetare iyaka huɗu da dutse ta kusa. Ummi ta gaya masa abin da na aikata. Ya rufe ido na ɗan lokaci, kamar wanda aka taka wa ƙafa a masallaci. Sannan ya sa dutsen a sikeli, ya kara masa maganaɗisu bai kama ba sai ɗan kaɗan, ya ɗauko gilashin ƙara girma ya yi ta juya shi a bakin taga. Akwai wasu 'yan loɓa-loɓa a jikin dutsen, kamar an danna yatsa a ɗanyen yumɓu. A cikin biyu daga cikinsu ya ga sauran baƙin, inda yatsuna masu sanyin ƙashi suka kasa shiga. Ya kira Ummi ta duba. Ban taɓa gode wa ciwon nan ba sai ranar.

Amma bai yanke magana ba. Ya ajiye gilashin ya ce in ba shi labarin yadda mai shi ya faɗa, kada in ƙara kada in rage. Na faɗi ƙarar, na faɗi fiton, na faɗi tonon. Sai ya ce, "Da ya taɓa shi, me ya ce ya ji?"

Malama, rubuta wannan yadda yake. Na so in yi ƙarya. Na ce a raina ga inda ake yi masa dariya an zo, bari in ce ya ƙone shi a hannu, in gyara masa labarin ko sau ɗaya. Har na buɗe baki. Sai na tuna shi bai taɓa gyarawa ba, ko a gaban mai gari, ni wace ce da zan gyara masa bayan ransa? Na sunkuyar da kai na ce, "Ya ce sanyi ya ji. Kamar jikin randa."

Malamin ya jingina da kujera. Ya ce mutane da yawa suna kawo masa duwatsu, kuma wanda ya tsinci nasa a bakin hanya yakan ce ya gan shi ja wur, ya ƙone ciyawa, ya yi kwana yana hayaƙi, domin haka kowa yake zato. Amma can inda dutsen ya fito sanyi ne da ba mu san irinsa ba, wutar kuma fatar kawai take lasa na ɗan lokaci, kafin ya iso ƙasa iska ta huce shi. Sau da yawa wanda ya ɗauka nan take sanyi yake ji. Ya ce manomin da bai yi makaranta ba ba shi da inda zai samo wannan magana sai a tafin hannunsa.

Na ce Ummi ta sake faɗa mini da Hausa, a hankali. Ta fara, ta yi ta kaɗa yatsu kalma ta ƙi zuwa. Malamin ne ya ƙarasa da tasa guntuwar Hausar. Ya ce, "Mijinki, gaskiya ya faɗa."

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kuka a ɗakin mutumin nan ba. Matarsa ta kawo ruwa, ta ce yako.

Ko daga Vesta ne, ya ce kamanninsa sun nuna haka ƙwarai, amma ba zai rantse ba sai an yanki ɗan ƙanƙani an aika inda ake da na'ura. Ya nemi izinina. Na ce wadda ta yi masa kwana uku da yashi ba ta da bakin hana yanka. Na bar dutsen a hannun Ummi, da sharaɗin kada ta bari kowa ya wanke shi. Ta ce indai na koma gida ai babu sauran haɗari.

Na ƙara mako biyu na dawo ta hanyar da na bi. Har yanzu ba a aiko da sakamakon ba, kuma ni bai dame ni ba. Abin da na je nema na samu. Waɗanda suka yi dariya tare da ni, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma ga shi a rubuce, a karanta musu.

Ranar da na iso, kafin in kwance kaya, kafin in amsa sannu da zuwa, na wuce ɗakinsa na tura ƙofa. Tabarmarsa tana nan a naɗe a jingine. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na ce, "Malam, na yarda. Ka yafe mini." Na ɗan jira. Na san ba za a amsa ba, amma ko yana nan ma shiru zai yi. Bai taɓa iya cewa ai na gaya miki ba.